Jan Fentin da Yaya Ya Bari

Na Allah ne mu, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Laraba, tara ga watan Satumba, da hantsi, Allah Ya karɓi ran yayana a gadon asibiti bayan ya sha jinyar ƙoda. Ma'aikatan gonar lemo Dakta suke ce masa, domin ya yi karatu mai zurfi a kan cututtukan tsirrai. Masu gonaki kuwa, da zarar ya ba da baya, Mai Jan Fenti suke kiransa, wasu ma su ce Mahauci. Ni Yaya nake ce masa, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma shi ya riƙe ni tun ranar da mijina ya rasu ya bar ni da yara biyu.

Yaya, ban yi karatu irin naka ba, a firamare na tsaya. Amma na ji abin da aka yi ta faɗa a kanka a zaman makoki, na kuma san bakunan da suka faɗe shi. Shi ya sa na ga ba zan bar musu maganar su kaɗai ba.

Kai ka kawo ni babbar gonar lemon Alhaji. Ka nema mini aiki a rumfar renon dashe, ka samo mini ɗaki a gidajen ma'aikata, ka ɗauko mini tabarma da tukwane a bayan motarka. Kai ka koya mini auren dashe: yadda ake yanko ido daga reshen bishiya mai kyau, a tsaga fatar ƙaramin dashe, a cusa idon, a ɗaure da leda. Ranar farko dashen da na ɓata ya fi wanda na gyara, na haɗa har da yatsana. Ka ɗaure mini yatsan da hankicinka kana dariya, ka ce, "Auta, aure aka ce ki ɗaura, ba yanka ba." Ba ka taɓa yi mini faɗa a gaban mutane ba. Idan na yi kuskure sai ka jira an tashi, ka zauna a kan buhun taki, ka sake nuna mini kamar ba ka taɓa nunawa ba.

Mu matan rumfa kai ka fara zaunar da mu ka nuna mana ganyen da ya kamu da ƙazuwar lemo. Wani ɗan ƙurji ne mai kaushi, ruwan ƙasa, da zoben rawaya kewaye da shi. Yana fitowa a ganye, ya hau reshe, ya lalata fatar lemon har mai saye ya ƙi kallonsa, bishiyar kuma ta riƙa zubar da 'ya'ya tun ba su nuna ba. Ka ce mana wata ƙwayar cuta ce da ido ba ya gani, irin wadda ake ce wa bakteriya, ba ta da ƙafa amma kowa ɗan dakonta ne. Ruwan sama mai iska yana kai ta, almakashi yana kai ta, rigar mai tsinka da kwandonsa da tayar mota duk suna kai ta. Mafi muni, idon da aka yanko daga bishiyar da ta kamu yana shiga da ita cikin sabon dashe, a ɗauke shi a mota a kai gonar da ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba. Ka ce shuɗin maganin nan na jan ƙarfe da ake fesawa yana kare ganyen da ke lafiya, amma ba ya warkar da wanda ya kamu.

Daga nan dokokinka suka fito, waɗanda aka tsane ka saboda su. Kwamin siminti a bakin ƙofa cike da ruwan magani, kowa ya tsoma takalmi, kowace mota ta bi ta ciki. Almakashi ya shiga magani tsakanin bishiya da bishiya. Ba a tsinka sai ganye ya bushe. Layin dogayen itatuwan da ke tare iska kada a taɓa shi. Bishiyar da ta kamu kuwa ka zagaye gindinta da jan fenti, a sare ta a ƙone ta a nan inda take.

Ba ka ware kowa a dokar nan ba. Ranar da Inna, mahaifiyarmu, ta zo ganin ɗakina, ka tare ta a ƙofa ka nuna mata kwamin. Ta ce, "Har da ni, ɗan nan?" Ka ce, "Inna, cutar ba ta san ke kika haife ni ba." Sai ka durƙusa ka cire mata takalman, ka wanke su da hannunka, ka mayar mata. Har yau Inna tana ba da labarin, tana dariya tana share hawaye. Manaja kuwa, wanda surukin Alhaji ne, kuma wannan ita ce takardar shaidarsa mafi girma, ya yi wa kansa wata hanya ta gefen kwamin don kada magani ya taɓa fentin motarsa. Tayarsa har ta kashe ciyawar wurin.

Ƙungiyar masu gonakin lemo, wadda Alhaji ke shugabanta, ita ta roƙe ka ka riƙa zagaya gonakin 'ya'yanta kana dubawa. Sun so a ce suna da Dakta, don masu saye da kamfanin matse lemo su yarda da kayansu. Abin da ba su so ba shi ne Daktan ya ga wani abu. Wani ya sakar maka karnuka. Wani ya yaɗa cewa kamfani ne ke ba ka toshiya don ka karya ƙananan manoma. Akwai wani da muke ce wa Tumbi, wanda ya ji za ka zo ya sa ma'aikatansa suka wuni suna tsinke ganyaye masu ƙuraje, aka cusa a buhuna aka ɓoye bayan ɗakin injin ban ruwa. Sai dai hikimar tasa ba ta kai sama ba, ya bar 'ya'yan lemon suna lilo da ƙurajensu. Ka tsaya ka dube su, ka dube shi, ka buɗe gwangwani. Ya bi ka har mota yana zaginka da iyayenmu. Da ka dawo na tambaye ka me ya sa ba ka rama ba, ka ce mutumin da aka sare wa bishiya yana da haƙƙin ya yi zagi, muddin dai an sare.

Ba su faɗi abin da kake yi bayan saran ba, don ba su ne suka amfana ba. Akwai wata tsohuwa mai 'yan bishiyoyi a bakin hanya, da su take ciyar da jikokinta. Ka shafa musu ja gaba ɗaya, ta zauna a ƙasa tana kuka. Ka reni dashe mai tsabta a bayan gidanka, da lokacin sake shuka ya yi ka kai mata, ka haƙa ramukan da kanka, kuma duk tsawon jiran nan buhun hatsi bai yanke a ƙofarta ba. Matarka ce kaɗai ta san daga inda yake fitowa, domin daga abincin gidanku ake ragewa. Tsohuwar nan ta zo makoki da ƙafa. Ba ta yi jawabi ba, ta zauna kusa da Inna ta riƙe hannunta har la'asar.

A tsakiyar gonar Alhaji akwai wata bishiya da muke ce wa Uwa. Kai ka dasa ta a shekararka ta farko. Lemonta zaƙi ne da shi, ga ruwa, ga ƙarancin ƙwallo, kuma daga jikinta muke yanko duk idon da muke aurar da dashe. A ƙarƙashinta kake cin abincin rana. Idan 'ya'yanka sun zo hutu, ita kake fara kai su su gani.

Bara Manaja ya sa aka sare wani yanki na itatuwan tare iska don manyan motoci su sami wurin juyawa. Ka yi magana, aka ce kana da tsanani. Da damina ta kankama bana, aka yi wani ruwa mai iska da ya shigo ta wannan gibin kai tsaye. Ba a daɗe ba ka kira ni gindin Uwa ka juya mini ganye, sai ga ƙurjin nan a jiki. A lokacin ƙafafunka sun riga sun fara kumbura, da sanda kake tafiya. Ka ba ni sandar na riƙe, ka durƙusa da ƙyar, ka zagaye gindinta da ja. Da ka miƙe sai ka ce duk dashen da muka aurar da idonta tun bayan wancan ruwan, rumfa guda cur, wuta zai sha tare da ita.

Alhaji ya ce a bari a gani tukuna. Manaja ya ce ai ba a yanke hukunci Dakta yana fama da jiki, a jira ya warke. Haka suka yi ta jiran warkewarka, da haƙurin da ba su taɓa nuna maka ba kana lafiya. Ina zuwa asibiti da kwanon abinci, tambayarka ɗaya ce: an sare Uwa? In ce ba a sare ba. Ranar ƙarshe da muka yi magana ka ce mini, "Auta, ko me za a yi, kada dashen nan ya fita ƙofa."

Sai ka rasu, suka zo.

Yaya, da ka ga manyan riguna. Tumbi ne ya fi kowa kuka, har sai da aka ba shi ruwa. Mai karnuka ya ce kai ɗan'uwansa ne na jini. Alhaji ya ce ya yi rashin hannun damansa, kuma bai taɓa ƙetare shawararka ba ko sau ɗaya. Manaja na gefe yana gyaɗa kai kamar ƙadangare. Ina daga cikin gida ina jin su ta taga, ina kallon fuskar matarka. Carbinta kawai take ja.

Da a nan suka tsaya da na bar su da Allah. Amma mako bai zagayo ba Manaja ya kira ni ofis, ya ba ni kujera, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce ƙungiya za ta yi taron tunawa da kai a cikin gona. Za a raba wa kowane mai gona dashe a matsayin sadaka a gare ka, sauran kuma a kai kasuwa da suna Dashen Dakta, da hotonka a jikin kowace leda. Uwa kuma ba za a sare ta ba, za a kafa mata allo da sunanka. Ni ce zan miƙa dashen farko, tunda ni ce ƙanwarka.

Na ce, "Wane dashen, Manaja?"

Ya ce, "Na rumfarki mana. Muna da wani ne?"

Na ce, "Wanda Yaya ya ce a ƙone?"

Ya ce, "Ƙanwar Dakta, ki yi mana adalci. Mutumin nan a ƙarshe ciwo ya ci ƙarfinsa, ko gani ba ya yi sosai. 'Yan ɗige-ɗige ne, mun yi feshi. Ke dai ki sa mayafinki mai kyau, za a ɗauki hoto."

Ba jahilci ba ne, Yaya. Manaja ya san abin da feshi ke yi da abin da ba ya yi, a gabansa ka sha faɗa. Ya san ƙurajen sun fara fitowa a ganyen dashen, domin shi ya sa aka jera masu kyan gani a gaba. Lissafinsu kawai shi ne, babu mai gonar da zai juya ganyen dashen da ke ɗauke da hotonka. Sunan da ka yi shekaru kana shan zagi kafin ya zama shaidar tsabta, shi suka ɗauko za su naɗe cuta a ciki su raba wa maƙwabta, har da tsohuwar bakin hanya da aka sa cikin masu karɓa don a ce an tuna da talaka. Ana gobe taro aka bi gindin bishiyoyin hanya da farar ƙasa don gona ta yi kyau. Uwa aka fi lafta wa, shafi a kan shafi, har janka ya ɓace.

Da yamma na tafi gidanka na ce wa matarka ta ba ni gwangwanin da burushin. Suna nan cikin but ɗin motarka inda ka bar su. Ta dube ni ta ce, "Kin san aikin da ɗakin duk za su tafi ko?" Na ce na sani, Anti. Ta ce, "To, ɗakin karatunsa ba kowa a ciki. In an kore ki kada ki tsaya yi mini kunya." Ta ɗauko mini su da kanta, ta sa a jaka.

Washegari aka kafa rumfuna, aka jera kujeru, aka kunna lasifika. Motoci suka yi ta shigowa ta hanyar Manaja, don an zubar da ruwan kwamin kada manyan baƙi su ɓata takalma. A taron tunawa da kai ke nan. Aka yi jawabai har rana ta ɗaga. Sai aka ce ƙanwar marigayi ta fito.

Na fito da jakata. Na wuce teburin da aka ɗora dashen farko, na nufi Uwa, na durƙusa inda ka durƙusa, na zagaye gindinta da ja a kan farin nan. Sannan na dawo na fara bin ledojin dashe ɗaya bayan ɗaya. Babbar cikin matan rumfa, wadda muke ce wa Gwaggo, ta taso ta karɓi gwangwanin ta riƙe mini don hannuna ya sami sauƙi.

Manaja ya iso yana magana ƙasa-ƙasa don kada lasifika ta ɗauka. "Ke, kanki ɗaya kuwa? A gaban mutane?"

Na ce, "Ban ƙara komai ba, Manaja. Abin da ke ƙarƙashin farin ne na dawo da shi."

Ban yi wa kowa bayani ba, ba a kuma buƙaci bayanin ba. Duk wanda ke zaune a wurin ya taɓa wayar gari ya ga wannan jan a gonarsa. Tumbi ne ya fara tasowa, ya kutsa layin baya, ya juya ganye ɗaya. Ya sake shi kamar ya taɓa garwashi, ya shiga goge yatsunsa a jikin kujera. Daga nan taro ya watse ba addu'ar rufewa.

Abin da na so a ce ka gani shi ne bakin ƙofa. Mutanen da ka yi shekaru kana roƙo su tsoma takalmi, su ne suka yi layi a gaban busasshen kwami suna yi wa maigadi tsawa ya kawo ruwan magani. Mai karnuka ya tattare babbar rigarsa ya tsuguna yana wanke tayar motarsa da hannu. Tumbi ya ce a zuba masa har a kan agogo. Babu wanda ya ce kana da tsanani. Babu wanda ya ɗauki ko leda ɗaya. Alhaji ya tsaya a tsakiyarsu yana rantsuwa cewa Manaja ya rufe shi, Manaja kuma yana gaya wa na kusa da shi cewa umarni ya bi. Hotunanka da aka buga iska tana ta yawo da su a ƙarƙashin kujeru. Ni da Gwaggo muka bi muka tsince su.

Ƙungiya ta matsa, don kowa na tsoron gonarsa, kafin mako ya ƙare aka sare Uwa aka tara mata dashen rumfata aka sa wuta. An ce yanzu za su sake dasa itatuwan tare iska, har suna gardamar wanda ya fara kawo shawarar. Ni kuwa tun yammacin taron aka aiko maigadi ya karɓi makullin ɗaki, wai na ci mutuncin gona. Mutumin kirki ne, kansa a ƙasa ya zo, ya taya ni ɗaure kaya. Ranar ƙonawa na tsaya daga wajen shinge ina kallon hayaƙin. Kowane dashe a cikin wutar nan ni na tsaga fatarsa, ni na ɗaure shi, ni na yi masa ban ruwa. Na yi kuka, Yaya, kukan da ban samu na yi ba ranar da aka fita da kai. Amma ko ɗaya bai fita ƙofa ba.

Yanzu ni da yara muna ɗakin karatunka. Anti ta ce in fara reno a bayan gida inda ka reni na tsohuwa, kuma na fara. Gwangwanin yana wurina da saura a ciki, na danne murfin sosai yadda kake yi don kada ya bushe.

Ina yi wa Inna ta'aziyya, wadda ta binne ɗan da take sa ran shi zai binne ta. Allah Ya ba ta haƙuri, Ya sanyaya mata zuciya. Ina yi wa Anti ta'aziyya, matar da ta rage tukunyarta ba ta taɓa yi maka gori ba, Allah Ya saka mata da alheri. Ina yi wa 'ya'yanka ta'aziyya, Allah Ya raya su, Ya sa su gaji gaskiyarka, Ya ba su abokan aiki da suka fi naka. Ina yi wa matan rumfa da masu feshi da masu tsinka, da tsohuwar bakin hanya. Masu manyan riguna kuwa ban san ta'aziyyar me zan yi musu ba, sun riga sun yi wa kansu a lasifika.

Allah Ya jiƙanka, Yaya. Ya gafarta maka kurakuranka, Ya sa jinyar da ka sha ta zama kaffara, Ya haskaka kabarinka, Ya yalwata maka shi. Ba ka taɓa shiga gonar wani ba sai ka tsaya a ƙofa ka wanke ƙafarka. Allah Ya wanke ka da rahamarSa, Ya buɗe maka ƙofar gonar da babu cuta a cikinta, inda ba za ka sake durƙusawa gindin bishiyar da kake so da gwangwani a hannu ba. Mu kuma idan tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani. Amin.